Lauya mai kamun ƙafa a gwamnatin birnin New York: abin da kuɗinka zai saya da abin da ba zai saya ba

A Bronx da Harlem, inda Hausawan zango na Ghana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya suka fi zama, ƙungiya takan fara da haya: shago a ƙasan bene, a shimfiɗa darduma, ya zama masallaci da makarantar yara ta ƙarshen mako. Bayan shekaru a tara kuɗi a sayi gini, a so a ƙara hawa biyu ko a rushe a sake. Nan ne wani zai ce, "A nemo lauya mai hanya a wurin gwamnati." Wannan sana'a muke son mu auna: lauyan da ke haɗa aikin shari'a da kamun ƙafa a ofisoshin birni. Hukuncinmu a taƙaice shi ne, a harkar fili da gini mai buƙatar amincewar majalisa, yana da amfani ƙwarai. A mafi yawan sauran matsalolin da ke kai mutane ofishinsa kuwa, asarar kuɗi ce.

Da farko a cire tunanin cewa kamun ƙafa a can abu ne na bayan fage. Sana'a ce mai rajista. Duk wanda zai karɓa ko zai kashe sama da dala 5,000 a shekara wajen neman shawo kan jami'an birni dole ya yi rajista a ofishin magatakardan birni, ya rubuta sunan wanda ya ɗauke shi, da batun da yake bi, da ofisoshin da yake tuntuɓa, da nawa ake biyansa. Rahoto sau shida a shekara. Jimillar abin da ake biyan masu wannan aiki a birnin ta haura dala miliyan 100 a shekara, kuma harkar gidaje da filaye na cikin waɗanda suka fi zuba kuɗin.

Yawancin manyan cikinsu daga cikin gwamnati suka fito. Sid Davidoff na hannun daman magajin gari John Lindsay ne, wanda ya yi mulki daga 1966 zuwa 1973, har sunansa ya shiga jerin maƙiyan da fadar Shugaba Nixon ta tara, daga baya ya kafa kamfanin lauyoyi da kamun ƙafa. Peter Vallone babba ya jagoranci majalisar birni daga 1986 zuwa 2001, da ya sauka ya koma wannan layi. Ƙananan ma haka hanyar take: a karanta shari'a, a yi shekaru a ofishin kansila ko a Sashen Tsara Birni, sannan a tsallaka ɗaya ɓangaren teburin. Abin da suke sayarwa ke nan, sanin ɗaki da sanin mutanen ɗaki. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Amma wannan tarihin nasu shi ne wuri na farko da za ka duba da kyau. Dokar birni ta hana tsohon ma'aikaci tuntuɓar ofishin da ya baro na tsawon shekara ɗaya, zaɓaɓɓu da manyan jami'ai kuma shekara biyu. Idan batu ne da shi kansa ya yi aiki a kai lokacin yana ciki, haramcin na har abada ne. To wanda ya zo yana tallata maka cewa watanni uku da suka wuce yana ofishin da takardarka take, ya faɗa maka da bakinsa cewa ba zai iya ɗaga waya ya kira su ba.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne neman sauya dokar amfani da fili, wadda ake kira zonin. Kowane fili a birnin yana da abin da aka yarda a gina a kansa: tsawo, faɗi, gida ne ko kasuwanci ko masana'anta. Idan abin da kake so ya dace da dokar, ba ka buƙatar roƙon kowa, mai zanen gini zai kai takardu Sashen Gine-gine a ba ka izini. Wuraren ibada ma a yawancin unguwannin zama haka suke, ba sai an nemi alfarma ba. Saboda haka kafin ka taka ofishin lauya, buɗe taswirar ZoLa ta birnin, kyauta ce a intanet, ka sa adireshin, ka ga lambar zonin ɗinka, ka biya mai zanen gini ya rubuta maka abin da filin zai iya ɗauka. Mutane da dama a nan matsalarsu take ƙarewa.

Idan kuwa sai an sauya dokar, an shiga tsarin da ake kira ULURP, wanda ya samo asali daga gyaran kundin mulkin birni na 1975. Agogonsa a rubuce yake. Daga ranar da Sashen Tsara Birni ya tabbatar takardunka sun cika, kwamitin unguwa yana da kwana 60, shugaban gunduma (wato shugaban yanki irin Bronx ko Brooklyn) kwana 30, Hukumar Tsara Birni mai mambobi 13 kwana 60, majalisar birni kwana 50, magajin gari kuma kwana 5 idan zai hau kujerar naƙi, majalisa na iya ture shi da kashi biyu cikin uku. Wata bakwai ke nan, ko kusa da haka. Ra'ayin kwamitin unguwa da na shugaban gunduma shawara ce kawai. Hukumar da majalisa su ne masu yanke hukunci.

Abin da ba a cika faɗa wa mai nema a zaman farko ba shi ne, wata bakwan nan wutsiyar aikin ce. Kafin agogo ya fara juyawa akwai zama da ma'aikatan sashen, da zane, da binciken tasirin ginin ga muhalli: cunkoson mota, inuwar da benen zai yi wa filin wasa, kujerun makaranta, gurɓatar ƙasa idan an taɓa yin gidan mai ko gareji a wurin. Wannan mataki ba shi da wa'adi. Shekara ɗaya ba abin mamaki ba ce, biyu ma ana gani. A nan ƙwararren lauya yake bambanta da mai kwat kawai. Ya san irin tambayar da ma'aikatan za su dawo da ita, sai ya amsa ta tun a rubutun farko. Kowane zagaye na gyara da aka kauce wa, watanni ne na kuɗin ruwan banki da harajin fili da mai gini ya tsira da su. Wannan amfani na gaske ne, ana iya lissafa shi da alƙalami.

Sai batun kansila. Majalisar tana da mambobi 51, amma a harkar fili al'adarta ita ce ta bi ra'ayin kansilan da filin yake mazaɓarsa. Ba a rubuta ta a doka ba, sai dai ta fi wasu dokokin ƙarfi. A Brooklyn, masu babban shirin Industry City, da ke neman sauyin zonin, sun janye a Satumbar 2020 bayan kansila Carlos Menchaca ya ƙi, duk da shekarun da suka yi suna shiri da irin wakilan da suka ɗauka. A Harlem, shirin One45 na gidaje kusan 900 a kan titi na 145 an janye shi a 2022 saboda adawar kansila Kristin Richardson Jordan, mai filin ya mayar da wurin tashar ajiye manyan motoci. A Bronx kuwa, a Disambar 2009, majalisa ta kayar da shirin mayar da tsohon ginin soja na Kingsbridge kantunan zamani da ƙuri'a 45 da 1, kan rigimar albashin da za a biya ma'aikatan kantunan, alhali magajin gari Bloomberg yana bayan shirin. Akan karya al'adar, kamar yadda aka yi a 2021 da aka amince da ginin Cibiyar Jini ta New York duk da ƙin kansila Ben Kallos, amma irin wannan ba a gina lissafi a kansa.

Me wannan ke nuna wa mai biyan kuɗi? Duk waɗannan masu nema suna da lauyoyi da masu kamun ƙafa na sahun gaba. Ba su sayi ƙuri'a ba, domin ba ta cikin kayan da ake sayarwa. Abin da gwanin yake yi shi ne ya je wurin kansilan tun kafin a kashe kuɗin zane, ya dawo maka da gaskiya: wannan zai yarda idan an rage hawa uku, an ƙara gidaje masu sauƙin haya, an yi alkawarin ɗaukar 'yan unguwa aiki, ko kuwa wannan ba zai yarda ba ko me aka yi, a jira bayan zaɓe. Amsa ta biyun nan, idan ta zo a wata na farko, ita ce mafi arhar shawarar da za ka taɓa saya. Lauyan da ke jin kunyar faɗa maka ita saboda kada kuɗin wata ya tsaya, shi ne mafi tsada. Tun 2016 kuma, duk sauyin zonin da ya ƙara yawan gidaje sosai yana zuwa da wajibcin ware kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na gidajen ga masu ƙaramin ƙarfi, saboda haka cinikin daga nan yake farawa, ba daga sifiri ba. A Nuwambar 2025 masu zaɓe sun amince da wasu gyare-gyare: gajeriyar hanya ga ƙananan ayyuka, da kwamitin ɗaukaka ƙara na mutum uku, magajin gari da shugaban majalisa da shugaban gunduma, wanda zai iya juya hukuncin majalisa kan wasu ayyukan gidaje masu sauƙin haya. Ka tambayi lauyan da ka je wurinsa ko aikinka ya faɗa cikin waɗannan. Yadda ya amsa zai nuna maka ko yana bin sana'arsa.

Zaman kwamitin unguwa wuri ne mai kyau na ganin lauya yana aiki kafin ka ɗauke shi, kuma shiga kyauta ne. Kwamitocin 59 ne a birnin, kowanne mambobinsa ba sa wuce 50, ba a biyansu albashi. Da yamma ake zama, sau da yawa a zauren makaranta ko ɗakin taron wata cibiya. Akwai takarda a bakin ƙofa da mai son magana zai rubuta sunansa, a ba shi minti biyu ko uku. Lauyan zai tashi da hotunan gini a allo. Ka lura da abin da yake yi idan wata dattijuwa ta miƙe ta ce ita shekara talatin tana wannan layi, ina za ta ajiye motarta, kuma ina ruwan sama zai bi. Wani zai karanto mata lambar sashen doka. Wani zai kira ta da sunanta, domin ya riga ya zauna da ƙungiyar layinsu makonni kafin yau, ya ce an matsar da ƙofar shiga motoci zuwa ɗaya titin saboda maganarta. Ƙuri'ar kwamitin ba ta ɗaure kowa, amma ma'aikacin kansila yana zaune a baya yana rubutu, kuma abin da ya ji a daren shi zai kai wa maigidansa.

Akwai wata hanya ta daban da ƙungiyoyin addini suka fi bi: neman sassauci ga fili guda a BSA, hukumar birni mai kwamishinoni biyar da ke duba irin wannan roƙo. Ana buƙatar a gamsar da ita kan abubuwa biyar: filin yana da wata matsala ta musamman a siffarsa, ba za a sami riba mai ma'ana ba idan an bi doka yadda take, ginin ba zai ɓata yanayin unguwa ba, ba kai ka jawo wa kanka matsalar ba, kuma abin da ka roƙa shi ne mafi ƙarancin da zai wadatar. Ƙungiyar da ba ta neman riba an ɗauke mata sharaɗi na biyu, kuma kotunan jihar New York sun daɗe suna sassauta wa wuraren ibada da makarantu. Wannan aikin hujja ne da takarda: yawan masallata ranar Juma'a, yawan ɗalibai, dalilin da ya sa ɗakin mata da wurin alwala ba za su shiga cikin faɗin da doka ta bayar ba. Lauyan filaye wanda ya saba tsayawa gaban hukumar kake buƙata. Yawan lambobin 'yan siyasa a wayarsa ba zai ƙara maka komai a nan ba. Babban kuskure a irin wannan nema shi ne a fara gini ba izini sannan a zo neman sassauci, domin hakan na iya ɓata sharaɗi na huɗu.

Maganar kuɗi. Ana biya ne wata-wata, ko bisa awa idan aikin shari'a ne zalla, tare da kafin alƙalami. Abu ɗaya da ya saɓa wa yadda muka saba da dillali: haramun ne a dokar birni da ta jiha a yi yarjejeniyar cewa sai buƙata ta biya za a ba mai kamun ƙafa ladansa. Babu la'ada, babu "idan an sa hannu ka ɗauki kaza". Wanda ya kawo maka wannan tayi yana gayyatarka karya doka tare da shi. Illar tsarin ga mai biya a fili take: ko an ci ko an faɗi, kuɗin ya tafi, kuma jinkiri ba ya cutar da mai karɓar kuɗin wata. A ɗauka an yi da kai dala 7,500 a wata, aikin ya ja wata 24. Dala 180,000 ke nan, ba a sa kuɗin mai zane da masu binciken muhalli da kuɗin shigar da takardu ba. Maganinsa a rubuta yarjejeniyar mataki-mataki: wata uku na farko don jin ta bakin kansila da sashen, sannan a zauna a yanke ko za a ci gaba, a rage kuɗin a watannin da ake jiran masu bincike, kowane ɓangare na iya fita da sanarwar kwana 30. A New York lauya wajibi ne ya ba ka takardar yarjejeniya a rubuce idan kuɗin zai kai dala 3,000, ba a yarda da kafin alƙalamin da aka ce ba a mayarwa ba, kuma idan kun saɓa kan kuɗi tsakanin dala 1,000 da 50,000 akwai tsarin sasanci na kotu da kake da ikon kai shi. Wannan kariya tana daga cikin dalilan fifita lauya a kan mai kamun ƙafa da ba lauya ba. Sai dai kada a ɗauka cewa duk abin da aka faɗa masa sirri ne irin na lauya da wanda yake karewa. Shawarar shari'a tana da wannan kariya, hirar dabarun siyasa ba lallai ba.

Kyakkyawan abu shi ne ba sai ka sayi kifi a ruwa ba. Rumbun rajistar masu kamun ƙafa na magatakardan birni a buɗe yake ga kowa. Sa sunan kamfanin, za ka ga jerin waɗanda yake wa aiki, da batun, da kuɗin kowane zango. Abu uku za ka nema. Shin ya taɓa yin aiki a mazaɓar kansilanka, ko duk harkarsa a Manhattan take? Shin yana wakiltar wani da buƙatarsa ta ci karo da taka, kamar mai filin da ke maƙwabtaka da kai? Sannan ka ɗauki adireshi biyu ko uku daga ayyukansa na baya ka sa a shafin ZAP na Sashen Tsara Birni, ka ga yaushe aka shigar, yaushe aka gama, an amince ko an janye. Kamfani mai suna da abokan ciniki ɗaruruwa yana da ƙofofi da yawa, gaskiya ne, amma kansila ɗaya ba zai yi masa alfarma goma a shekara ba, kuma ƙaramar ƙungiya ba ita za a kashe wa alfarmar ba. Ka tambaya a rubuce wane ne zai riƙa zuwa zaman, mai sunan da ke jikin ƙofa ko yaron da ya fara aiki bara.

Ɗaukarsa tana jawo maka wasu wajibai da mutane kan manta. Kai ma sai ka yi rajista a matsayin wanda ake yi wa kamun ƙafa, ka ba birni rahoton shekara, jiha kuma tana da nata rahoton sau biyu a shekara, kuma makara tana da tara. Mai neman sauyin zonin yana shiga jerin masu hulɗar kasuwanci da birni, wanda ke rage gudummawar zaɓen da zai iya bayarwa zuwa dala 250 ga ɗan takarar kansila, 320 ga shugaban gunduma, 400 ga magajin gari, kuma gwamnati ba ta ninka irin wannan gudummawa kamar yadda take yi wa ta sauran mazauna. Dabarar raba kuɗi ga 'yan'uwa su bayar da sunansu laifi ne da ake gurfanar da mutane a kansa. Kyauta ga jami'i kuma, ko ta goron sallah ce da zuciya ɗaya, a bar ta. Mai kamun ƙafa an hana shi bayarwa, jami'in ma akwai dokar da ta ɗaure shi.

Sauran abubuwan da ake kai musu, a gaggauce. Sammacin tsafta ko na gini ana sauraronsa ne a kotun gudanarwa ta OATH, mutum na iya kare kansa, ana ba da tafinta kyauta, idan tarar babba ce a ɗauki lauyan da ya saba da wurin. Takardar shaidar amfani da gini, da izinin wurin taro da ake buƙata idan ɗaki zai ɗauki mutum 75 ko fiye, aikin mai zanen gini ne da ɗan kai-da-kawon takardu mai rajista a Sashen Gine-gine, kuma wannan izini na mutum 75 yana iya kama masallatan shago ko da ba su da matsalar zonin. Tallafin da kansiloli ke raba wa ƙungiyoyi kuma ana cike takardarsa a intanet a farkon shekara, wajen Janairu zuwa Fabrairu, kafin kasafin da ke fara aiki 1 ga Yuli. Ana buƙatar ƙungiya mai rajistar rashin neman riba, kuɗin na hidimar jama'a ne kamar rabon abinci ko darasin yara bayan makaranta, ba na ibada ba, kuma yawanci sai ka kashe naka ka kai rasit a mayar maka, bayan watanni. Ƙungiyar da ke neman dala 10,000 ta ɗauki mai karɓar dubbai a wata, lissafin bai fita ba. Shugabanta da sakatare su nemi ganin mai kula da kasafi a ofishin kansila cikin Disamba ko Janairu, su tafi da takarda shafi ɗaya mai nuna mutum nawa suke yi wa hidima a mako da kuma titunan da suke zaune.